Akushin da Sarki Ya Bari a Kife

Akwai wani sarki a zamanin dā, tun ba a san bindiga ba, a wata ƙasa mai yawan ruwan sama. Wani babban kogi ya raba birninsa biyu. Fada tana gabas da ruwa, babbar majami'ar ƙasar kuwa tana yamma, ginin farin dutse ce, da hasumiya mai ƙararrawa. Da safe farin tururi yakan kwanta a kan kogin, har wanda yake tsaye a ƙofar fada ba ya ganin gindin majami'ar, sai kan hasumiyar kaɗai, kamar ba a ƙasa aka kafa ta ba. In aka buga ƙararrawa, ƙarar takan biyo ruwa a hankali, ta iso fada a gajiye.

Sarkin nan yana da aboki guda tun suna yara. Abokin ba ɗan sarauta ba ne, ɗan wani majemi ne da yake jima fatu a bayan kasuwa, amma firistoci sun koya masa karatu, kansa kuwa ya ɗauka. Tare suka koyi iyo, tare suka saci kwalekwalen masunta, tare aka zane su. Sarki gajere ne mai kauri, mai saurin fushi da saurin dariya. Abokin dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana. A gaban jama'a yakan durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe,” yadda kowa yake yi. In su biyu ne kaɗai, sai ya kira sarki Guntu, sarki kuma ya kira shi Dogo.

To, a ƙasar nan akwai wata al'ada da ya kamata a fahimce ta sosai, gama a kanta maganar take. Duk wanda sarki ya ɗauka a ƙarƙashin inuwarsa, sai a sassaƙa masa akushi nasa na kansa a fada. Kullum in sarki ya zauna cin abincin rana, a jera akusan nan a gabansa, a zuba wa kowanne tuwo da miya, ko mai shi yana nan ko ba ya nan. In ba ya nan, a ba mabukata rabonsa. Muddin akushin mutum yana kallon sama, ba mai ikon taɓa ko gashin kansa. Amma in akushin ya kife a gaban sarki, sarki kuma ya tashi daga shimfiɗarsa ya bar shi haka, to, ya janye hannunsa ke nan, ba wanda zai tambayi jinin mutumin. Al'adar tana da sauƙi guda ɗaya. In dai sarki bai tashi ba, yana iya miƙa hannu ya juya akushin, a ɗauka kamar ba abin da ya faru. Sai dai hannun sarki kaɗai yake juyawa.

Akushin Dogo da na sarki daga itace ɗaya aka sassaƙa su. Na Dogo yana da tsaga a baki, an ɗaure ta da zaren tagulla, domin sarki ya taɓa jifansa da shi da wasa suna samari.

Ana nan sai babban bishop, wato shugaban dukan ikilisiyoyin ƙasar, ya rasu da tsufa. Sarki ya ɗauki abokinsa suka shiga kwalekwale su biyu, suka tsaya a tsakiyar ruwa suna jefa ƙugiya.

Sarki ya ce, “Dogo, tsohon nan ya tafi.”

“Na ji ƙararrawa.”

“Kai zan sa a wurinsa.”

Dogo ya yi dariya har kwalekwalen ya girgiza. Da ya ga sarki ba wasa yake yi ba, sai dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana duban hasumiyar, sa'an nan ya ce, “Guntu, in kana ƙaunata, ka bar ni a wannan gefen ruwa.”

“Don ina ƙaunarka ne. Na gaji da tsofaffin da ba su iya kome ba sai a'a. In kana can ina nan, hannu biyu ke nan na mutum ɗaya.”

“Ƙofar majami'ar can ba taka ba ce, ba kuwa tawa ba. In ka ba ni tsaronta, zan tsare ta, ko wa ya zo.”

“Ko ni?”

“Kai ne ma na fi tsoro.”

Sarki ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya watsa masa a fuska, ya ce, “Ja kifinka, malamin wa'azi, ya kusa tafiya da ƙugiyar.” Haka maganar ta ƙare a ranar. Aka shafe Dogo da mai ya zama babban bishop, aka ba shi sanda da zobe, ya haye ruwa.

Tun daga nan abubuwa suka soma sakewa, a hankali, yadda inuwa take sake wuri ba a ganin tafiyarta. Dogo ya bar rigunan fada ya sa baƙar riga mai kauri. Ya rage zuwa farauta, daga baya ya daina. Kullum ana zuba abinci a akushinsa, kullum mabukata suke ci. Sarki yakan fita bakin ruwa da yamma ya tsaya, ya ce wa mutanensa iska yake sha, alhali ƙararrawa yake jira. In ta yi ƙara, sai ya ce a ransa, yanzu Dogo yana tsaye a gaban bagaden majami'a, yanzu ya ɗaga dogayen hannuwan nan nasa. Yakan ji kewa, kewar kuma takan koma haushi, shi kansa bai san lokacin da take komawa ba.

Sarki yana da wani farin karen farauta da yake kwana a ƙafafunsa. Wata rana karen ya tsinke ya shiga garken wani makiyayi a bayan gari, ya kashe 'yan raguna. Makiyayin ya ɗaga sanda ya buga sau ɗaya, karen ya faɗi bai tashi ba. Da ya ga ƙawanyar azurfa a wuyansa, sai ya gane na wane ne. Ya bar garken ya sheƙa da gudu, ya faɗa kogi ya haye, ya kama zoben ƙarfe da yake jikin ƙofar majami'a. Dokar ƙasar tun kakanni ita ce, wanda ya kama zoben nan ba a jansa waje, sai alƙalai sun zauna sun ji ta bakinsa.

Kashegari da hantsi sarki ya haye ruwa da mutanensa. Ya tarar da babban bishop tsaye a bakin ƙofa, hannu a rungume. Sarki ya yi murmushi, ya yi magana kamar dā.

“Miƙo mini shi mu tafi. Ka zo ma mu ci abinci, Inna ta yi miyar da kake so.” Inna ita ce tsohuwar da ta yi renon sarki, ita take zuba abinci a akusa.

Babban bishop ya ce, “Ranka ya daɗe, ya kama zobe.”

“Na sani. Ka ce ya saki.”

“Alƙalai za su zauna. In da laifi, a hukunta shi daidai da laifin. Amma yau ba zan ba ka shi ba. Idonka ja ne.”

“Karena ya kashe.”

“Karenka ya kashe masa raguna. Shi ma ya yi kuka.”

Sarki ya matso. Ya ce, “Wa ya ɗora ka a wannan ƙofa? Wa ya ɗauko ka daga cikin warin fatu?”

“Kai ne. Na kuwa faɗa maka a cikin kwalekwale.” Sai babban bishop ya sunkuyo, gama ya fi sarki tsawo ƙwarai, ya rage murya ya ce, “Guntu, je ka gida ka ci abinci ka kwanta. In ka huce ka dawo mu yi magana.”

Bai rage muryar yadda ya kamata ba. Wani bafade da yake kusa ya ji sunan, ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Sarki ya ga murmushin. Ya juya ya shiga jirgi. Duk hanyar komawa ba karen yake gani ba, ba makiyayin ba, sai leɓen bafaden nan.

Rana ta take, aka shimfiɗa wa sarki, aka jera akusa. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa, ta cika na babban bishop har baki kamar kullum. Fadawa suka zauna a jere. A can ƙarshen layi akwai waɗansu jarumawa uku, baƙi ne a fada, ba a sassaƙa musu akushi ba tukuna, suna kuwa son a sassaƙa musu ƙwarai.

Wani bafade ya ce, kamar da iska yake magana, “Ashe ƙasar nan sarki biyu gare ta. Ɗaya gabas, ɗaya yamma.”

Wani ya ce, “Na yamman ma ya fi tsawo.”

Aka yi 'yar dariya aka haɗiye. Sarki ya kai bayan hannu ya make abin da yake kusa da shi. Akushin Dogo ne. Miya ta watse a kan tabarma, akushin ya gangara a kan bakinsa, ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, zaren tagullar yana walƙiya, kowa yana binsa da ido. Ya yi kamar zai zauna daidai, sai ya karkace, ya kife.

Ƙuda ya sauka a kan miyar.

Sarki bai yi nufin haka ba. Allah ya sani, shi ma ya sani. Akushin yana nan kusa, in ya miƙa hannu zai kai.

Inna ta rarrafo ta durƙusa a gefensa. Ta ce, “Ɗana, akushi a kife yake.”

“Na gani.”

“Ai hannu ne ya kuɓuce. Juya shi ka ci abincinka.”

Da su biyu ne kaɗai, da ya juya. Amma idanu sun yi yawa, a cikinsu har da na bafaden da ya yi murmushi. Sai sarki ya soma shawara da zuciyarsa, zuciyar kuwa ta yi masa magana mai daɗi. Ta ce, bar shi haka zuwa yamma. Bari labari ya haye ruwa, Dogo ya ji, gabansa ya ɗan faɗi. Zai zo da yamma ya durƙusa, sai ka juya akushin a gaban kowa, ku yi dariya. Wa zai taɓa shi? Duk ƙasar nan an san shi ne Dogo. Kai kuwa ba ka ce a yi masa kome ba.

Inna ta ce, “Da hannuna yana yi, da tuni na juya.” Ta kama bakin rigarsa. “Kada ka tashi. Ka zage shi, ka rantse, ka fasa tukunya, amma kada ka tashi.”

Sarki ya janye rigarsa a hankali daga hannunta. Ya tashi. Ya ce wa masu tsaron ƙofa kada a tashe shi, ya shiga ɗaki. Bai waiwaya ba, don haka bai ga jarumawan nan uku suna duban juna ba.

Hadari ya haɗu amma ruwa bai sauko ba, iska ta tsaya cik. Barci mai nauyi ya ɗauki sarki, ya yi mafarki. Ya ga kansa yaro a cikin kwalekwale, kogin ya yi faɗi har ba a ganin gaɓa. Dogo yana zaune a baya yana tuƙi, sanye da baƙar rigarsa, amma fuskarsa ta yaro ce. Ruwan yana da haske, ana ganin hasumiyar majami'a a ƙarƙashinsa, kifaye suna shiga ta tagoginta suna fita. Sai ga wani abu baƙi yana tafe a kan ruwa kamar bayan kunkuru. Da ya matso, sai sarki ya ga akushin ne, a kife. Ya miƙa hannu, yatsunsa suka taɓa shi, ya ɗan matsa. Ya ƙara miƙawa, ya ƙara matsawa. Ya ce, “Dogo, tuƙa kaɗan.” Dogo ya ce, “Ina tuƙi, Guntu. Ruwan ne yake tafiya.” Daga ƙarƙashin ruwa ƙararrawa ta soma bugawa, a hankali, a hankali. Sarki ya juya don ya ce wa abokinsa lokacin sujada ya yi. Ba kowa a bayan kwalekwalen, sai filafilin tuƙi yana kwance.

Ya farka jiƙe da gumi. Ƙararrawar gaskiya ce, ta sujadar yamma, tana biyo ruwa kamar kullum. Sarki ya san bugunta yadda ya san numfashinsa. Yana sauraro sai ta yanke a tsakiya, bugun da ya kamata ya biyo bai zo ba.

Ya fito ba takalmi, ya ruga zaure. Akushin yana nan inda ya bar shi, miyar ta bushe a kan tabarma. Inna tana zaune a gefensa, tana gadinsa. Sarki ya durƙusa ya juya akushin da hannu biyu. Ya ce, “Ga shi, Inna. Na juya.”

Ta ce, “Jarumawan nan uku sun haye tun kana kwance. Na je ƙofarka, aka ce ka hana.”

Mai jirgi ya tuƙa da dukan ƙarfinsa, amma sarki ya ga kamar gaɓar yamma tana ja da baya. Da suka isa, ƙofar majami'a tana buɗe wangame. Mutane suna tsaye a waje, ba mai kuka da ƙarfi. Suka buɗa masa hanya, ba wanda ya durƙusa. A ciki, tsakanin ƙofa da bagade, an lulluɓe wani dogon abu da farin mayafi, mayafin bai kai ƙafafun ba. Makiyayin yana zaune a ƙasa kusa da shi, rigarsa duk jini.

Sarki ya ce, “Faɗa mini.”

Makiyayin bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, labari ya riga su isowa. Firistoci suka ce a sa sakata. Ya ce a'a, mutane suna zuwa sujada, ba zai bar su a waje ba. Na ce masa, Baba, bari in fita, ni ake nema. Ya ce, yau ba kai ake nema ba, zauna. Da suka shigo da takuba, ya tare su nan. Ya ce, sarki ne ya aiko ku? Suka ce akushinka a kife yake. Ya ce, kifewa ya yi da hannunsa, ko faɗuwa ya yi? Suka ce faɗuwa ya yi, amma sarki ya tashi ya bar shi.”

Makiyayin ya share hanci da bayan hannu.

“Sai ya yi murmushi, ranka ya daɗe. Ya ce, to, barci yake yi. In ya farka zai juya. Ku jira a gama buga ƙararrawa, za ku ga jirginsa. Ba su jira ba.”

Sarki ya ce, “Bai bar magana ba?”

“Ya bari, amma ban san mai ita ba. Kansa yana kan cinyata ya ce, a gaya wa Guntu na san zai juya. Na tambayi firistoci, ba wanda ya san wani Guntu a nan.”

Sarki ya zauna a ƙasa. Ya ja mayafin don ya rufe ƙafafun, sai kan ya buɗe. Ya mayar. Ya daɗe yana riƙe da bakin mayafin, bai san gefen da zai ja ba. A lokacin ne ruwan da ya ƙi saukowa tun rana ya sauko.

Jarumawan nan uku suka zo gabansa kashegari, sun wanke takubansu, suna jiran a kira masassaƙi. Sarki ya ce, “Wa ya aike ku? Na ce muku ku kashe shi?”

Babbansu ya ce, “Ba ka ce ba, ranka ya daɗe. Tashi ka yi.”

Sarki ya buɗe baki zai ce a sare su, sai ya tuna da jan idon da aka faɗa masa. Ya ce a kai su gaban alƙalai. Makiyayin ma alƙalai suka ji ta bakinsa, suka sallame shi ya koma garkensa. Abin da Dogo ya roƙa a bakin ƙofa, shi aka yi, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Sai dai shi ba ya nan.

Da aka binne babban bishop a bayan majami'a, sarki ya tuɓe rawani da takalmi, ya sa rigar makoki. Ya ɗauki akushin a kansa kamar mace mai zuwa rafi, ya bi ta tsakiyar kasuwa, ya ratsa ta unguwar majema inda aka haifi abokinsa, mutane suna kallo. Ya haye ruwa, ya ajiye akushin a kan kabarin, bakinsa yana kallon sama. Bai yi jawabi ba. Ya ce kawai, “Dogo, na juya.” Ya jira kaɗan, kamar mai jiran amsa, sa'an nan ya koma gida.

An ce akushin ya daɗe a wurin. In aka yi ruwa yakan cika, tsuntsaye su sauko su sha. Sarki ya yi shekaru da yawa yana mulki, ya zama mai jinkirin hukunci, har mutanensa suka yaba masa. Amma bai ƙara kwanciyar rana ba. In an gama cin abinci, yakan zauna a kan shimfiɗa ya bi akusa da ido ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa bakin kowanne, sa'an nan ya tashi. Da yamma kuma ya fita bakin ruwa ya tsaya, har a gama buga ƙararrawa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana, kowane ɗayanmu sarki ne a kan wata 'yar shimfiɗa. Akusan da aka jera a gabansa su ne mutanen da Allah ya sa a ƙarƙashin inuwarsa: mata ko miji, 'ya'ya, ƙane, maƙwabci, abokin ƙuruciya, ɗan'uwa a cikin ikilisiya. Mutuncinsu yana hannunmu fiye da yadda muke zato.

Faɗuwar akushi ita ce maganar da take kuɓucewa cikin fushi. Wannan kam tana samun kowa, ba a kanta sarkin ya hallaka abokinsa ba. Ku lura da kyau. Hannu ya kuɓuce, amma ƙafa ba ta kuɓuce ba. Ya ga akushin, an faɗa masa, an kama rigarsa, sa'an nan ya tashi da saninsa. Zunubinsa yana tsakanin faɗuwa da tashi, a 'yar tazarar nan da Allah yake ba kowane mutum don ya ce, “Ban kyauta ba, ka gafarta mini.” Abin da ya hana shi kuwa ba ƙiyayya ba ce. Yana ƙaunar abokinsa. Idon mutane ne ya hana shi, da son a zo a durƙusa masa tukuna.

Jarumawan nan uku su ne masu jira a bakin kowane saɓani. Ba sai ka aike su ba. Ka yi shiru a inda ya kamata ka kāre ɗan'uwanka, ka ɗaure fuska in an ambaci sunansa, za su gane, su ɗauka su haye ruwa. A zamaninmu ba takobi suke ɗauka ba, harshe ne. Kafin ka huce sun gama da sunansa a kasuwa da majami'a. In ka ce ba ka aike su ba, amsar da za su ba ka ita ce wadda aka ba sarkin.

Inna ita ce muryar Ruhu a cikin lamirin mutum. Ba ta juya akushin da kanta, ba a ba ta wannan ba. Takan kama bakin riga kawai, ta ce kada ka tashi. Ana iya janye riga daga hannunta, a hankali ma, cikin ladabi. Mutane da yawa masu zuwa sujada sun iya wannan.

Babban bishop kuwa shi ne bawan Allah da aka ba tsaron abin da ba nasa ba. Bai daina ƙaunar sarki ba sa'ad da ya ce masa a'a. In kuna da aboki da zai iya tsayawa a ƙofa ya hana ku aikata mugunta ranar da idonku ya yi ja, ku riƙe shi da kyau. Irinsu ba su da yawa, ba a kuwa samun na biyu in na farkon ya tafi.

Akwai abu guda da ya rage, shi ne ta'aziyyarmu. Mu ma muna da akushi a gaban Sarkin sarakuna. Mun ba shi dalili sau da yawa, amma bai kife shi ba, kullum ana zuba mana. Wanda aka yi wa irin wannan alheri, bai kamata ya bar na ɗan'uwansa a kife ba, yana cewa sai yamma. Yamma ba a hannunmu take ba. Waɗansunmu da suka tsufa sun je sun juya akushi a kan kabari, sun san yadda wurin yake shiru.

Saboda haka kowa ya duba gabansa yanzu. In akwai sunan da ya zo maka a zuciya tun ana ba da labarin nan, to, akushinsa ne. Za mu yi addu'a, a rera waƙa, a sallame mu. Amma har yanzu kuna zaune a kan bencinku. Ba ku tashi ba tukuna.